Likita Mila na Zariya: Shi ya gina makarantar, amma asusu na hannun wasu

Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani rumfa a Aflao ko Paga ko Elubo, alhali mai dukiyar yana zaune a Ankara ko Kumasi, ya san irin zaman da ake yi tsakanin mai aiki da mai jari. Kai ka san masu saye, kai ka san lokacin da kaya ke tafiya da lokacin da suke kwanciya, kai rana ke duka, amma ranar da maigida ya aiko cewa a kwashe a koma wata kasuwa, to sai a kwashe. A wannan makon filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai duba rayuwar wani Bature ne da irin wannan ta same shi a kan makaranta. Sunansa Dokta Walter Miller, mutanen Zariya kuwa Likita Mila suke ce masa. Ya rayu daga 1872 zuwa 1952, kuma mafi yawan shekarunsa na girma a ƙasar Hausa ya yi su.

Abin da ya sa muka ɗauko shi, mu da muke aikin rediyo a Nima da Mamobi kusan kullum muna jin gardama iri ɗaya daga masu kiran waya. Wa ke da iko da makaranta, malamin da ya kafa ta ko kwamitin da ke biyan albashi? Maƙwabtanmu Kirista ma suna da tasu, a kan ko majalisar coci ta yanki ce za ta ɗauki nauyin masu yi wa ɗalibai hidima a manyan makarantu, da kuma wanda zai yanke hukunci idan kuɗi ya yi ƙaranci. Mila ɗan mishan ne, wa'azin Kiristanci ya kawo shi, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Akasarin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, saboda haka za mu faɗi abin da ya yi yadda yake, mai daɗi da mara daɗi.

An haifi Mila a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew's da ke Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. A wancan zamani akwai wata guguwa da ke kaɗawa a jami'o'in Ingila da Amurka, inda ɗalibai ke kafa ƙungiyoyin addu'a suna sa hannu a kan alkawarin cewa idan sun gama karatu za su tafi wa'azi ƙasashen waje. Daga cikin irin waɗannan samari Mila ya fito. Wato shi kansa ɗan hidimar ɗalibai ne kafin ya zo ya kafa tasa. A lokacin kuma sunan Hausawa ya fara yawo a majami'un Ingila, domin an kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a farkon shekarun 1890, kuma wani malamin coci mai suna Charles Robinson ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida yana ba da labarin kasuwarta da yawan jama'arta da yadda harshen ya bazu daga Turabulus har Gwanja.

Ƙungiyar da ta ɗauki Mila ita ce CMS, wadda aka kafa a 1799. Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda take, domin duk rigimar da za ta biyo baya daga nan ta samo tushe. CMS ba ita ce cocin Ingila ba, ƙungiyar sa kai ce ta mabiya cocin, kuma ba ta da haraji ko gandu. Kuɗinta daga taro-sisin jama'a yake fitowa, daga akwatunan baiko da gudummawar attajirai da wasiyyar mamata. A wancan zamani babban kwamitinta yana zama ne a wani dandali da ake kira Salisbury Square a Landan, shi ke ɗaukar ma'aikaci, shi ke biyansa, shi ke cewa a buɗe tasha ko a rufe. A gefe guda kuma akwai bishop, wanda ke da ikon naɗa limaman coci da kula da ibada a yankinsa, wato dayosis. Bishop ɗin wannan yanki tun 1894 shi ne Herbert Tugwell, kuma yankin nasa ya yi faɗin da har 'yan Angilika na nan Ankara suna ƙarƙashinsa, sai a 1909 aka yanke Ankara ta zama dayosis mai zaman kanta. Ke nan mutumin da za mu gani yana takawa zuwa Kano, a kan takarda shi ne bishop ɗin garin nan namu a lokacin.

Kafin a tura su ƙasar Hausa, CMS ta aika Mila da abokansa Turabulus ta Libiya a ƙarshen shekarun 1890 don su koyi harshe. Dalili kuwa fatake sun riga sun san shi. Turabulus ita ce ƙarshen hanyar ayarin raƙuma daga Kano, kuma akwai Hausawa mazauna can da alhazai masu wucewa. A nan ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdulmajid Tafida, wanda ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, uban ya rasu a hanya. Yaron nan ya taimaka wa Mila ƙwarai wajen gyara bakinsa, kuma zumuncinsu ya ɗore shekaru masu yawa. Masana sun yi ittifaƙi cewa a cikin Turawan zamaninsa da wuya a sami wanda ya kai shi jin Hausa. Tun 1901 ya buga ɗan littafin koyar da Hausa ga Turawa. A ɓangarenmu na nan ma an yi makamancin haka, domin a daidai wannan zamani ne Bajamushe Adam Mischlich yake zaune gaban Imam Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, yana kwasar Hausa da tarihi daga bakinsa.

A farkon 1900, watan da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, Bishop Tugwell ya taso daga Legas da Turawa huɗu, wato Mila da Richardson da Ryder da Burgin. Suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara a Jebba, suka isa Zariya inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Maimakon su tsaya nan sai suka zarce Kano ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya ba su kwana uku su bar masa gari. Suka juyo kudu suka yada zango a wani ƙauye da ake kira Girku, kudu da Zariya. A nan ciwo ya kashe Ryder, aka mayar da Richardson gida ba lafiya, daga bisani sauran ma suka janye. Tafiyar ta ci kuɗi, ta ci rai, kuma ta ɓata wa gwamnatin Turawa rai, domin a lokacin ba ta ci Kano da Sakkwato ba tukuna, ba ta kuma son abin da zai sa sarakuna su ɗauka cewa soja da ɗan mishan tafiyarsu ɗaya.

Wannan tsoro shi ya zama doka. Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Razdan-razdan suka fassara alkawarin da cewa ba a barin mishan ya zauna a garin Musulmi sai da yardar sarki, sarki kuma yakan duba fuskar Razdan kafin ya amsa. Mila ya samu shiga ne ta wata 'yar kafa. Yana da sanayya da Lugga, yana da magani, kuma mutanen Zariya sun riga sun san shi. A 1905 ya samu fili a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani, ya fara tara yara. Shekaru ashirin da huɗu da suka biyo baya, gidan nan nasa ya zama abin nuni, domin babu wata tashar mishan irinta a cikin ganuwar manyan biranen sarakunan ƙasar Hausa.

To a nan ne aka fara ganin hannu nawa ke kan igiyar. Kuɗi na Landan, ikon coci na Legas, izinin zama na gwamnati, ƙasa kuwa ta Sarki. Mila yana da aiki da yara da harshe, amma ba ya da ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Ya tsara wa Lugga shiri mai kashi biyu, makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna da kuma ajin koya wa malamai karatun boko, kuma Lugga ya nuna amincewa. Sai dai Lugga ya bar Arewa a 1906, wanda ya gaje shi kuma, Gwamna Girouard, bai yarda a damƙa tarbiyyar 'ya'yan sarakunan Musulmi a hannun mishan ba. Iyaye ma ba su yarda ba, kuma a ganinmu suna da hujja, tunda mai makarantar bai ɓoye inda yake so yaran su dosa ba. Gwamnati ta yanke shawarar kafa tata makarantar, ta ɗora wa Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe ta a Nasarawa ta Kano a 1909. Abin mamakin shi ne Ɗan Hausa ma da farko a matsayin ma'aikacin CMS ya shigo ƙasar, daga baya ya koma aikin gwamnati. Kuɗin ilimi na hukuma ya bi Ɗan Hausa, Mila ya rage da abin da kwamitin Landan ya ga dama ya aiko da kuma abin da abokansa suka tara masa.

Da 'ya'yan sarakuna suka gagara, sai ya koma ga waɗanda suka samu: marayu, 'yantattun bayi, yaran da aka kawo magani suka zauna, da 'ya'yan 'yan tsirarun da suka karɓi addininsa. Tare da shi suke kwana, tare suke ci, yana koya musu Hausar boko da Turanci da lissafi. An san shi da tsanani da saurin fushi, an kuma san shi da tsayawa kan yaransa tamkar shi ya haife su. Makarantar ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun da aka zuba mata, kuma wannan shi ne abin da masu riƙe da asusu ke dubawa. Mai ba da gudummawa a Ingila yana son jin adadi. A ƙasar Ibo da ƙasar Yarabawa CMS tana ƙirga masu shiga coci da ɗalibai da dubbai, jama'a na gina makarantu da kuɗinsu, a Zariya kuwa bayan shekaru ana ƙirgawa da yatsu. Duk ɗan kasuwa ya san tambayar da maigida zai yi idan rumfa ɗaya tana ci ba ta kawowa.

Abin da ya ɗan farfaɗo da aikin ya zo ne daga inda ba a zata ba. Tun a ƙarni na 19 akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa (AS) a karatunsa har hukumar Kano ta kashe shi, almajiransa suka watse zuwa wajajen Ningi da gabashin Zazzau. Su ake kira Isawa. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Aka nema musu fili a wani wuri da ake kira Gimi, aka kafa ƙauyen Kirista, aka ɗora wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, Rabaran Thompson, ya kula da su. Ba a san wurin matattarar ƙudan tsando ba ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, dole aka tashi daga ƙauyen. Yaran da suka tsira aka kawo su makarantar Zariya, kuma daga cikin zuriyar waɗannan ne aka sami wasu fitattun mutanen da za mu ambata nan gaba.

Ba za mu tsallake ɓangaren da ya sa har yau wasu Zazzagawa ba sa son jin sunansa ba. Mila yana da kakkausan harshe a kan Musulunci da kuma sarautar Fulani, a rubuce da a baki. Ya mayar da kansa mai kai ƙarar talakawa, yana rubuta wa manyan gwamnati takardu a kan zalunci da ƙwace da cinikin bayi a ɓoye da yake zargin ana yi. Wasu daga cikin koke-koken talakawa ne suka kawo masa da ƙafarsu, domin yana jin harshensu kuma ƙofarsa a buɗe take. Amma mai wa'azi da ya koma mai sa ido a kan fada ya shiga siyasa ke nan, ko ya so ko bai so ba. Masu tarihi suna lissafa rahotanninsa cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a farkon shekarun 1920, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. Sarkin nan malami ne kuma mawaƙi da har yau ake karanta waƙoƙinsa. Daga wannan lokaci fada ta san cewa gidan likita ba ɗakin magani kaɗai ba ne, Razdan-razdan kuma suka ga cewa akwai wani Bature a cikin gari da ke tsallake su ya kai magana sama. Ana cikin haka, a tsakiyar shekarun 1920, 'yar'uwarsa Ethel Miller ta buga wata 'yar takarda mai cin mutuncin Manzon Allah (SAW), abin da ya fusata Musulmi ya kuma ƙara wa hukuma hujja.

A can Landan kuma asusu ya shiga wani hali. Yaƙin duniya na farko ya ci samari ya ci dukiya, tsadar kaya ta ƙaru, gudummawa ba ta bi ta ba. A 1922 CMS ta rabe, wasu masu tsattsauran ra'ayi a kan fassarar Littafi Mai Tsarki suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar, suka tafi da wani kaso na masu bayarwa. A daidai lokacin ne kuma salon tunani a kan ilimin Afirka ya sauya. Tawagar Phelps-Stokes ta zagaya Afirka ta Yamma a 1920 da 1921, cikinta har da ɗan ƙasar nan Dokta Kwegyir Aggrey, kuma a 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da manufar haɗa hannu da mishan, inda za ta tallafa wa makarantun da suka cika sharuɗɗanta. Ma'anar wannan ga ƙungiyar da aljihunta ya yi sanyi a fili take, zaman lafiya da gwamnati ya zama jari. Mai karatu ya dubi Achimota da ke nan kusa da mu, wadda Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1927 da kuɗin gwamnati, shugabanta na farko kuma, Rabaran Fraser, tsohon ma'aikacin CMS ne. Ga abin da haɗin kai ke samarwa, ga kuma Mila a cikin ganuwar Zariya yana faɗa da kowa.

Sai ga sababbin jini sun iso. A tsakiyar shekarun 1920 wasu ɗaliban jami'ar Cambridge suka haɗa kansu da niyyar yin aiki a ƙasar Hausa, suka sa wa ƙungiyarsu suna Hausa Band. Jagoransu shi ne Rabaran Guy Bullen, akwai likita Norman Cook, akwai kuma wani saurayi Max Warren da ya zo a 1927. Wato hidimar ɗalibai ta sake haifar wani zubi, shekara talatin bayan ta haifi Mila. Samarin nan sun zo da ƙarfi, sun zo da magoya baya a gida, kuma ra'ayinsu ya bambanta da na dattijon. Suna son asibiti sosai, da makaranta mai fili, da majami'a da za a yi ibada a sarari. A cikin birni kuwa ba a ba da damar faɗaɗawa, ga kuma wata ƙa'ida ta gwamnati da ke cewa mazaunin Bature ya nisanci gidajen 'yan ƙasa da yadi 440. Hukumar Arewa, a zamanin Laftanar Gwamna Palmer, ta nuna a shirye take ta ba da fili a waje muddin za a fita daga gari.

Hujjar Mila ita ce, wanda ya fita daga ganuwa ba zai sake komawa ba, kuma al'ummar da aka ware a bayan gari za ta zama bare a idon 'yan'uwanta Hausawa. Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce, shekara ashirin da wani abu a cikin gari ba su haifar da abin a zo a gani ba, kuma ba za a ci gaba da zuba kuɗi da lafiyar ma'aikata a wurin da ba a iya ƙara ko ɗaki ɗaya ba. Mu dai da muka auna, kowanne yana da rabin gaskiya. Sai dai ba a raba hukunci biyu. Tun wajajen 1920 aka raba tsohuwar dayosis, Arewa ta faɗa ƙarƙashin bishop na Legas, mai nisan ɗaruruwan mil daga Zariya, kwamitin kuɗi kuma yana Landan. Waɗannan ne suka zauna da gwamnati, kuma CMS ta amince a tashi. Babu wata majalisa ta Hausawan da abin ya shafa da ke da ƙuri'a a cikin maganar, ba Kiristocin da za a kwashe ba, ba kuma maƙwabtansu da ke zuwa karɓar magani ba.

A 1929 aka koma Wusasa, 'yar tafiya kaɗan daga birni, kusa da dutsen Kufena. Aka gina majami'a da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da bakan gizo da azara, magina Hausawa suka yi aikin, aka sa mata suna St Bartholomew's, sunan da ya zo ɗaya da na asibitin da Mila ya yi karatu. Ginin yana cikin wuraren tarihi da ake zuwa kallo a Zariya. Aka kafa makaranta, aka kafa asibitin St Luke's. Mila kuwa bai zauna ya shugabanci sabon wurin ba. Ya koma Kano ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi, wato fassara Littafi Mai Tsarki. Wasu sun riga shi fassara sassa, musamman Bajamushe Schön tun ƙarni na 19, kuma ya yi aikin ne tare da wakilan wasu ƙungiyoyin mishan da mataimaka Hausawa, amma shi ne ginshiƙi. A 1932 aka buga cikakken littafin da Hausar boko. Ko wanda ba ruwansa da abin da ke ciki zai yarda cewa littafi mai wannan girma ya taimaka wajen zaunar da rubutun boko, shekara bakwai kafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kiristocin da ke ibada da Hausa, daga Jos har zangunan Gana, sun daɗe suna amfani da fassarar kafin a sabunta ta.

A 1935 ya ajiye aiki da CMS, bayan kusan shekara arba'in. Bai daina rubutu ba. A 1936 ya fitar da littafin tunawa da gwagwarmayarsa mai suna Reflections of a Pioneer, a 1947 kuma ya fitar da Have We Failed in Nigeria?, wanda sunansa kansa tambaya ce ga 'yan'uwansa Turawa ko sun gaza a Nijeriya. A cikin rubuce-rubucensa na ƙarshe ya fi karkata ga sukar mulkin En'e da yadda Turawa suka jingina da sarakuna suka bar talaka da jahilci da cuta. Wani abin lura shi ne, irin wannan suka ce samarin Arewa Musulmi masu neman sauyi suka ɗauka a ƙarshen shekarun 1940, ko da yake su ta wata hanya dabam suka iso gare ta.

Idan aka koma ga lissafin riba da hasara, abin da makarantar nan ta fitar ya ba masu ƙirga kai kunya, ya kuma ba Mila kansa kunya ta wani gefen, tunda mafi yawan 'ya'yan sun nuna ne bayan ƙaurar da ya ƙi. Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya fito daga hannun Mila ya je jami'ar Birmingham ya zama likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasar su Sardauna, kuma akwai babban asibiti a Kaduna mai ɗauke da sunansa. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan gida ne. Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, ya yi karatu a Wusasa, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya riƙe ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru tara, a Wusasa ya tashi, mahaifinsa mai wa'azi ne a can, kuma a makarantar St Bartholomew's ya fara karatu. Ƙaramar unguwa ce ta fitar da waɗannan duka. Amma abin da Mila ya ji tsoro shi ma ya tabbata, domin mishan bai sake komawa cikin birni yadda yake a da ba.

Shi kuwa Max Warren, saurayin nan da ya zo a 1927, ko shekara bai cika ba tarin fuka ya kwantar da shi aka mayar da shi gida. Ya warke, kuma a 1942 ya zama babban sakataren CMS gaba ɗaya, ya riƙe kujerar har 1963. Wato ɗaya daga cikin yaran da suka zo bayan Mila shi ne ya hau teburin da ake raba kuɗin. Guy Bullen ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937.

A nan gida mun ga namu salon wannan ciniki. Makarantun allo da na Islamiyya na zanguna sun daɗe suna gudun boko saboda a hannun mishan yake, kuma iyayenmu ba su manta da irin niyyar su Mila ba. Da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana a 1987, makarantu da yawa suka shiga, gwamnati ta turo malamai tana biyansu, masu makarantun kuma suka karɓi manhaja da sufeto da jadawalin da ba su suka tsara ba. Wasu malamai sun shiga da murna, wasu sun ƙi, kuma har yanzu idan muka buɗe layin waya a kan batun ba ma rasa masu kira daga ɓangarorin biyu.

Mila ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Filato, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952 yana da shekara 80. Shekara guda kafin haka, a 1951, aka haɗa dayosis-dayosis na Afirka ta Yamma, har da Legas da Ankara, suka zama lardi mai cin gashin kansa daga Ingila. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1954, Arewacin Nijeriya ta sami dayosis tata da bishop nata, sannan a 1979 cocin Angilika na Nijeriya ya ware ya tsaya da ƙafarsa. Wusasa, wurin da aka kai makarantarsa ba da son ransa ba, ita ma an ɗaga ta ta zama dayosis a ƙarshen shekarun 1990, da bishop ɗan ƙasa da majalisarta da ke zama a kan kasafin kuɗinta a nan gindin Kufena.